Yadda Ake Saita Jakin Jitar Lantarki Mai Tiremolo Da Taimakon Waya

Masu sauraron Mdou Moctar, makaɗin Nijar da ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, sun san jitar da ya fi kaɗawa: Fender Stratocaster. Tun da kamfanin ya fito da ita a 1954, tana ɗauke da tiremolo, wato jaki mai motsi. Jaki shi ne abin da tsirkiyoyi ke hawa, kamar na gurmi, sai dai wannan na ƙarfe ne kuma yana da hannu. Idan aka danna hannun, sai tsirkiyoyi su saki, sauti ya sauka.

Matsalar ita ce, jakin da ba a saita ba yakan ɓata saitin jita a tsakiyar biki.

Abin ja-in-ja ne. Tsirkiyoyi shida suna jan jakin gaba, sifirin da ke cikin ramin bayan jitar, galibi guda 3 har zuwa 5, suna jansa baya. Saiti shi ne daidaita ƙarfin ɓangarorin biyu.

Kayan aiki: sukundireba, rula, fensir, da waya mai manhajar saita sauti irin su GuitarTuna.

1. A saita dukkan tsirkiyoyin da manhajar, a wurin da babu ƙarar janareta.

2. A auna tazarar da ke tsakanin gindin jakin da jikin jitar. Fender ta ba da shawarar kusan milimita 3.2.

3. A buɗe murfin baya. Akwai sukurori biyu da ke riƙe da ƙarfen da sifirin suka maƙale. Idan jakin ya ɗago da yawa, a ɗaure su. Idan ya kwanta, a sassauta. Kwatan zagaye ya isa a kowane karo.

4. Bayan kowane juyi a sake saita tsirkiyoyin kafin a auna. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta aikin baban giwa.

5. A kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danne ta a gaɓa ta 12. Idan manhajar ta nuna sautin ya haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya. Idan ya gaza, a matso da shi gaba.

6. A goga bakin fensir a ramukan da tsirkiyoyi ke bi a saman wuyan jitar, don kada su riƙa maƙalewa.

Ga mai jita a Kusfa ko wata unguwar Zariya, hunturu na busar da katako, damina kuma ta kumbura shi, don haka wuyan jita yakan ɗan motsa. Yana da kyau a duba saitin a farkon kowane yanayi, da duk lokacin da aka sa tsirkiyoyi masu kauri daban.