Gilashi mai haɗewa da ƙashi a tiyatar kunne

Gilashi mai haɗewa da ƙashi wani nau'in gilashi ne da likitoci ke cike gurbin ƙashi da shi, kuma jiki yana karɓarsa. Ana amfani da shi a tiyatar ciwon kunne mai daɗewa yana zubar da mugunya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta masu wannan ciwo tsakanin miliyan 65 zuwa 330.

Tarihi

Larry Hench ne ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Florida ta Amurka a 1969, nau'in da ake kira 45S5. Abu na farko da aka ƙera da shi don marasa lafiya shi ne madadin ƙananan ƙasusuwan tsakiyar kunne, a shekarun 1980. Daga baya masana a birnin Turku na Finland suka samar da S53P4, wanda ake sayarwa da sunan BonAlive. Kashi 53 cikin 100 na S53P4 silika ce, sauran kuma sinadaran sodiyam, kalsiyam da fosfaras ne.

Amfani a tiyata

Idan ciwo ya ci ƙashin bayan kunne, musamman in matacciyar fata ta taru a ciki (kolestiyatoma), likita yakan ƙwaƙule wurin. Ramin da ya rage yakan tara datti, ya ci gaba da jiƙewa. Saboda haka ake cike shi da ƙwayoyin gilashin masu kama da yashi.

Da zarar gilashin ya haɗu da ruwan jiki, sai ya saki sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Bayansa kuma yakan yi ɓawo mai kama da ma'adinin ƙashi, inda sabon ƙashi ke kamawa. Ba ya maye gurbin cire ciwon gaba ɗaya, kuma ana ci gaba da duba majiyyaci bayan aiki.

A Zamfara

Manyan asibitocin da ke kusa da Anka, Gummi da Bukkuyum sun haɗa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Mugunya mai wari, raguwar ji, jiri, kumburin bayan kunne ko karkacewar fuska alamu ne da ke buƙatar ganin likita da gaggawa, domin ciwon na iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa.