Tsoho da Matakalar Jirgi a Filin Diori Hamani

A watan Yunin 2019, ana saura 'yan makonni Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe sabon ginin filin jirgin saman Diori Hamani. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya yi aikin da kuɗinsa, kimanin miliyar 100 na sefa, bisa yarjejeniyar zai riƙe filin shekara 30. Duk wanda ya san tsohon ginin ba zai yi musun an ci gaba ba. Sai dai manyan baƙin da aka yi gaggawar aikin dominsu ba sa bin layi, ba sa jan akwati. Wanda zai gwada ingancin filin da gaske shi ne dattijon da ya sayar da shanunsa, ko 'ya'ya suka haɗa masa kuɗin kujera, ya zo zai hau jirgi karon farko yana da shekara saba'in.

Irinsa ba kaɗan ba ne. Kason Nijar na aikin hajji ya kusa kujera dubu 16 a shekara, kuma a ƙasarmu kuɗin Makka ba kasafai yake haɗuwa da ƙuruciya ba. Ga kuma masu fita neman magani Tunisiya, Maroko, Turkiyya ko Indiya, waɗanda rashin lafiyar ce ma ta fito da su. Mutumin Damagaram da zai tashi daga Yamai ya riga ya ci kilomita wajen 900 a mota, na Maraɗi sama da 600. Yana isowa ƙafa ta kumbura, barci bai ishe shi ba. Tun da yake hajji yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, tashin maniyyata ya faɗo yanzu cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, kuma zai daɗe a bazara kafin ya koma sanyi.

Abin da yawancin iyalai ba su sani ba shi ne, taimakon tsoho a filin jirgi yana da tsari wanda duniya ta amince da shi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta ware alamomi da ake saka wa fasinja tun ranar da aka yanki tikiti. WCHR na wanda doguwar tafiya ke gagara amma yana iya hawa matakala. WCHS na wanda matakala ta fi ƙarfinsa. WCHC kuwa na wanda sai an kai shi har kujerarsa a cikin jirgi. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. In jirgi ya tsaya nesa da gini, aka kai mutane da mota har gindin matakala, mai alama ta biyu yana bukatar motar nan mai ɗaki da ke ɗaga fasinja zuwa ƙofar jirgi, ko ma'aikatan da aka koya wa ɗaukar mutum a kujera ta musamman. In ba a rubuta komai ba, sai a ga samari biyu sun tallabi Hajiya ta hammata suna hawa da ita, ita tana salati, su suna nishi. Yawancin kamfanoni suna so a sanar da su aƙalla awa 48 kafin tashi, alamar kuma tana bin fasinja har inda zai canja jirgi, ko Istambul ne ko Addis Ababa ko Kazablanka.

To, wa zai saka alamar? A nan gizo ke saƙa. Tsohon ba shi ne ya yanki tikitinsa ba. Kamfanin jigilar alhazai ne, ko wani ɗansa da ke birni. Ko an tambaye shi ma, dattijon Bahaushe ba zai ce shi gajiyayye ne ba. Ka ce masa, "Baba, a nema maka keken guragu?" sai ya haɗe rai: "Ni da nake noma gonata? Lafiyata lau, alhamdu lillahi." Gaskiya ya faɗa, amma noma daban, tsayuwar awa biyu a layi kan daɓe mai santsi daban. Laifin na tambayar ne. Da cewa aka yi, "Baba, gwiwa tana barinka ka hau bene? In ka daɗe a tsaye jiri yana ɗibarka?" da amsa ta fito ba tare da an taɓa masa girma ba.

Ni a ganina jira ya fi tafiya cutar da tsoho, kuma shi ne aka fi rainawa. Jirgin alhazai kan yi jinkiri, wani lokaci a kira mutane tun safe ba a tashi ba sai dare. Mai ciwon suga da ya sha magani bai samu abinci a kan kari ba yana iya faɗuwa. Da yawa kuma da gangan suke ƙin shan ruwa, don gudun neman makewayin da ba su san inda yake ba, ko don kada alwala ta karye. Su shiga jirgi da ƙishirwa, a cikin busasshiyar iska irin ta hunturu, wadda ƙarfinta ya yi daidai da na kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Mai lafiya ba zai ji komai ba, mai ciwon zuciya ko huhu zai ji. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ga shi daga Yamai zuwa Jidda kilomita wajen dubu huɗu ne, tafiyar awa biyar ko fi. A hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi. Wanda ya bar gida a galabaice, da me zai tari wannan rana? Shi ya sa kujera a wurin bin layi, ruwan sha bayan an wuce bincike, da makewayi mai abin riƙewa kusa da zauren jira suka fi kowane ado muhimmanci.

Sai maganar harshe. Ɗan rakiya iyakarsa ƙofa, daga nan tsohuwa ta rage ita kaɗai da allunan Faransanci da lasifikar da ko mai kunne garau da ƙyar yake ganewa. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Ma'aikaci guda mai riga ta daban, da ke zagayawa yana faɗa da Hausa da Zabarmanci cewa jirgi kaza ya yi jinkiri, a zauna, ga ruwa can, ba zai ci ko kuɗin fitilun zaure ɗaya ba.

Doka ba ta rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi tata dokar a Disambar 2019. Turai ta yi gaba da taki guda tun 2006: ta ɗora nauyin taimakon a kan mai riƙe da filin jirgi, ta hana a karɓi ko sisi daga wanda aka taimaka wa, aka raba kuɗin a kan dukkan fasinjoji. Hikimar ita ce, muddin taimako ya dogara da na goro, Alhaji mai babbar riga za a fara turawa, tsohuwar ƙauye ta jira.

Akwai gyaran da ba sai an jira sabon gini ba. Kowane maniyyaci yana zuwa gwajin lafiya da allurar rigakafi kafin tafiya. Hukumar COHO mai shirya hajji da umara tana iya sa likitan da ya duba shi ya rubuta, a takarda guda, ko yana iya doguwar tafiya da hawa matakala, kamfanin jigila ya wajaba ya miƙa wannan bayani tare da sunayen fasinjoji. Da haka masu filin za su san tun kwana biyu kafin tashi keke nawa da ma'aikata nawa jirgin ranar Laraba yake bukata, hukumar sufurin jiragen sama ta ANAC kuma ta samu takardar da za ta riƙe in ta zo tambayar wanda bai yi aikinsa ba.