Jijiyar da Ke Riga Mai Ita Tsufa

A da, Fagge zango ne na ayarin fatake masu ratso Sahara, mutanen da kan yi watanni suna tafiya. A yau kuwa, ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari yakan zo a adaidaita sahu, ya karya da shayi mai kauri da burodi, ya wuni zaune, ya kora shinkafar rana da lemon kwalba. In teɓa ta fito, sai a ce Alhaji ya samu. Masanin halitta kuwa wani abu daban yake hangowa.

Duk tuwo ko shinkafar da muka ci yakan rikiɗe ya zama sukari a cikin jini. Wani ɗan sashe da ke kwance bayan tumbi, mai suna fankiriyas, shi ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin hanyar shiga tsoka. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, tsoka kuma ba ta motsi, sai jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Fankiriyas sai ta ƙara yawansa. Shekaru na iya shuɗewa a haka, awon sukari na nuna lafiya lau. A 1988 likitan Amurka Gerald Reaven ya nuna cewa wannan bijirewa takan zo tare da hawan jini da lalacewar kitsen jini.

To, ina ruwan jijiya? Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tamkar sabuwar roba take, tana buɗewa tana komawa da kowane bugu. Shimfiɗar cikinta na fitar da wata iska, naitirik oksaid, mai sassauta bangonta, kuma insulin na cikin masu umartar a fitar da ita. Da zarar an daina jin umarninsa, sai iskar ta ragu. Yawan insulin kuma na sa ƙoda riƙe gishiri, jini ya hau. Daga baya sukari ya manne wa zaren bangon, ya taurare kamar ƙirgi. Tsufa kaɗai na kawo wannan tauri, amma bijirewar tana gaggauta shi, har ɗan shekara 45 ya wayi gari da jijiyar dattijo. Ƙarshenta ciwon zuciya ne, ko na ƙoda, ko shanyewar ɓarin jiki.

Malami na iya koya wa ɗalibai awon farko da tef ɗin tela: ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, ya cancanci a je asibiti a auna sukari da hawan jini. Haka ma idan fatar ƙeya ta yi baƙi ta yi kauri, wanda sau da yawa akan ɗauka dauɗa ce.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya gano cewa masu dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su rage ƙiba da yin tafiyar sauri ta minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wato minti 30 ke nan, kwana biyar a mako, wanda mai shago zai iya samu bayan sallar asuba.