Zafin Baƙin Mai: Abin Da Mai Ƙera Jirgin Sama Ba Zai Yi Wa Sakaci Ba

Ƙera ƙaramin jirgin sama da hannu ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A 1989 ne jirgin nan Air Beetle ya fara tashi a Kaduna, wanda kamfanin AIEP ya harhaɗa bisa tsarin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, watau irin jirgin da ake sayar wa mutane sassansa su haɗa a gida. Rundunar Mayaƙan Sama ta karɓi guda 60 don horar da matuƙa. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic. To, samarinmu masu irin wannan himma, yawanci injin mota ne ke hannunsu, gama injin jirgi na asali sai mai hannu da shuni.

Cikin injunan mota da maƙera jirage ke sha'awa a ƙasashen waje akwai injin nan mai juyi da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, wanda aka fara tayarwa a kamfanin NSU a 1957. Kamfanin Mazda na Japan ya sa shi a motarsa Cosmo a 1967, daga baya kuma a RX-7. Shi wannan inji ba shi da fistan. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin gidansa. Ƙarami ne, ba shi da nauyi, ba ya kuma yawan jijjiga, saboda haka ya dace da jirgi.

Amma fa yana da nasa hali. Ruwa yana sanyaya gidan injin, shi kuwa ƙarfen da ke juyawa a ciki ruwa ba ya kai gare shi, sai baƙin mai kaɗai da ake fesa masa ta ciki. Don haka kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da za a raba injin da shi, ta cikin mai yake fita. Ga shi kuma mota takan yi gudu ta sassauta, amma jirgi da ya ɗaga, injinsa yana aiki da ƙarfi sa'a da sa'o'i ba hutu. Idan man da ke komawa inji ya zarce digiri 100 ya daɗe a haka, sai ya tsinke, robobin da ke tare shi su ƙone, ƙarfe ya ci ƙarfe. A sama kuwa babu gefen titi da za a tsaya.

Maganin wannan shi ne lagireton mai, amma girmansa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an kula da yadda aka ɗaura shi. Da farko, a yi masa hanyar iska tasa, mai ƙaramin baki a gaba wadda ke buɗewa sannu a hankali, domin iska ta rage gudu ta ratsa dukan fuskarsa. A toshe kowace kafa a gefensa, gama iska, kamar ruwa, hanya mai sauƙi take bi. Na biyu, mafitar iskar ta fi mashigarta faɗi, a kuma sa ta inda iskar waje ke zuƙowa. Iskar da ta shiga ba ta sami wurin fita ba, ba ta sanyaya kome. Na uku, a nisanta shi da salansa, domin hayaƙin wannan inji ya fi na mai fistan zafi ƙwarai. A ɗora shi bisa roba don kada jijjiga ta tsaga shi, a yi amfani da tiyo mai jure zafi da matsi, a kuma sa ma'aunin zafi da na matsin mai a gaban matuƙi.

Har ila yau akwai sha'anin yanayinmu. Tsarin da ya wadatar a Turai ba lalle ya wadatar a Abuja ba, inda zafin watan Maris kan haura digiri 35, balle Kano da Sakkwato da ke wuce 40 a Afrilu. Ƙurar hunturu kuma tana cushe ramukan lagireto, sai an riƙa wanke su. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na hawa sama bayan tashi, sa'ad da inji ke bakin ƙarfinsa, jirgi kuwa bai yi gudun da zai kawo iska mai yawa ba.

Saboda haka wajibi ne a daɗe ana gwada injin a ƙasa da tsakar rana, ana rubuta abin da ma'auni ya nuna, sannan a nemi izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, mai hedkwata a Abuja, kafin a ɗaga ko da taku ɗaya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ƙara wa samarinmu basira, ya kuma kiyaye su.