Daftari Guda Ga Masana'anta Duka

Idan manomin Mainika ya sayar da gyaɗarsa, fatake suka wuce da ita masana'antun Sharaɗa ko Bompai a Kano, akwai hisabin da ke jiranta, wanda akawu ya saba yi da alƙalami, alhali a manyan masana'antun duniya manhajar kwamfuta ke ɗauke da shi. Wannan manhaja, wadda kamfanin SAP na Jamus, da aka kafa a 1972, ya shahara da ita, takan tara lissafin sito da aikin inji da albashi da ciniki wuri guda, ta yadda buhu ba ya shiga inji face an rage shi a daftari, an kuma faɗakar da mai sayo wani. Sharaɗinta dai amana ce, domin abin da akawu ya shigar, shi na'ura ke riƙewa.