Sadaka ko Jarin Siyasa? Yadda Gidauniyoyin Attajirai ke Juya Akalar Amurka

A watan Agustan 2022 ne 'yan jarida a Amurka suka bankaɗo wata kyauta da girmanta ya girgiza masu bin siyasar ƙasar. Wani dattijon attajiri a birnin Chicago, Barre Seid, ya ɗauki kamfaninsa na kayan lantarki mai suna Tripp Lite ɗungurungum ya miƙa wa wata sabuwar ƙungiya da ake kira Marble Freedom Trust, aka kuma sayar da kamfanin a 2021 a kan dala biliyan 1.65. Jagoran ƙungiyar shi ne Leonard Leo, lauyan da ya ba Shugaba Donald Trump shawara wajen naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli. Da Seid ne ya sayar da kamfanin da hannunsa, da ya biya harajin riba na ɗaruruwan miliyoyin daloli. Da yake kyauta ya bayar kafin a yi cinikin, baitulmali bai samu wannan kuɗi ba. Babu dokar da aka karya, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne: dukiyar da hukuma ta ɗauke wa haraji, aka kuma yi amfani da ita wajen sauya dokoki da alƙalan da za su yi wa kowa hukunci, ta tashi daga sirrin mai ita ta koma lamarin jama'a. Saboda haka jama'a na da haƙƙin sanin wanda ya bayar da wanda ya karɓa, ko da wane ɓangare aka jingina.

Sai an fahimci tsarin dokar haraji kafin a gane yadda kuɗin ke tafiya. Akwai rukunin farko, na ƙungiyoyin agaji da ilimi, inda gidauniyoyi da jami'o'i da cibiyoyin nazari suke. Wanda ya ba su kuɗi ana rage masa haraji, ta yadda babban attajiri kan samu rangwamen da ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ya bayar. Tun 1954 doka ta hana wannan rukuni yi wa ɗan takara kamfe, kuma tun 1969 aka wajabta wa gidauniyoyi raba wani kaso na dukiyarsu duk shekara, wanda a yau ya tsaya a kashi 5 cikin ɗari, tare da bayyana waɗanda suka ba tallafi. Rukuni na biyu shi ne na ƙungiyoyin da doka ke kira na jin daɗin al'umma, irin su Marble. Mai ba su kuɗi ba ya samun wancan rangwame, amma suna da damar shiga siyasa matuƙar ba ita ce babbar sana'arsu ba, kuma ba dole ne su faɗa wa jama'a sunan masu ba su kuɗi ba. Tsakanin biyun akwai wata ƙofar baya: asusun da mai kyauta ke zuba kuɗinsa, ya karɓi rangwamensa nan take, sannan ya riƙa ba da umarnin inda za a tura su da sunan asusun. DonorsTrust, wanda aka kafa a 1999, irin wannan aiki yake yi wa masu ra'ayin riƙau, ɗaya ɓangaren ma yana da nasa. Idan kuɗi suka bi ta hannu biyu ko uku a wannan tsari, mai bin sawu sai ya tarar da sunan ƙungiya a inda ya kamata ya ga sunan mutum.

Mutane da yawa na ɗauka cewa kuɗin siyasa na ƙarewa ne a tallan zaɓe. Tarihin gidauniyar John M. Olin ya nuna akasin haka. Olin ya yi arziki ne da sinadarai da harsasai, kuma ya bar wasiyya cewa a cinye dukiyar gidauniyarsa cikin ƙarni ɗaya bayan mutuwarsa, don kada ta faɗa hannun waɗanda ba su yi tarayya da shi a ra'ayi ba. Ya ga abin da ya faru a 1977, lokacin da Henry Ford na biyu ya ajiye muƙaminsa a gidauniyar Ford yana ƙorafin cewa ta juya wa tsarin jari-hujjar da ya haife ta baya. Kafin gidauniyar Olin ta rufe a 2005 ta raba kimanin dala miliyan 370, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da dukiyar Ford. Sai dai ta san inda take zuba su. Ta kafa shirye-shiryen koyar da shari'a ta fuskar tattalin arziki a jami'o'i irin su Harvard da Yale da Stanford da Chicago. Ta tallafa wa tarukan horarwa da Farfesa Henry Manne ya fara shirya wa alƙalan tarayya a 1976, inda alƙali zai kwashe kwanaki a wani wurin shaƙatawa yana sauraron manyan masana tattalin arziki. Zuwa 1990 kusan kashi 40 cikin ɗari na alƙalan tarayya sun halarta. Daga baya masana uku, Elliott Ash da Daniel Chen da Suresh Naidu, suka yi nazarin hukunce-hukuncen waɗannan alƙalai, suka gano cewa bayan horon sun fi karkata ga yanke hukunci a kan hukumomin da ke sa ido a harkar ƙwadago da muhalli.

Haka nan Olin da gidauniyoyin attajiri Richard Mellon Scaife suna cikin waɗanda suka raini ƙungiyar Federalist Society, wadda ɗaliban shari'a suka kafa a 1982. A wancan lokaci taron muhawara ce ta matasa. A yau aƙalla biyar daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙoli sun fito ne daga da'irarta. Wannan kotu ce ta soke hukuncin 1973 kan zubar da ciki a shekarar 2022, ta kuma rage wa hukumomin gwamnati ikon fassara dokoki a 2024. Cibiyar Heritage, wadda aka kafa a 1973 da gudummawar dala 250,000 daga mai kamfanin giya Joseph Coors, ita ta miƙa wa gwamnatin Ronald Reagan kundin shawarwari mai shafi fiye da dubu a 1981, ita ce kuma ta jagoranci shirya wani kundi irinsa mai suna Project 2025. Mai karatu na iya goyon bayan waɗannan hukunce-hukunce ko ya ƙi su. Wannan wata muhawara ce daban. Abin lura shi ne shugaban ƙasa wa'adinsa shekara huɗu, ɗan majalisar wakilai shekara biyu, amma alƙalin tarayya har ƙarshen rayuwarsa, gidauniya kuwa ba ta tsayawa zaɓe ko sau ɗaya.

Masu sassaucin ra'ayi, waɗanda suka daɗe suna kuka da wannan tsari, sun koyi darasin sun kuma ƙware. A 2003 aka kafa Center for American Progress don ta zama kishiyar Heritage, a 2005 kuma manyan masu ba jam'iyyar Democrat kuɗi suka kafa Democracy Alliance domin su riƙa haɗa hannu wajen zaɓar ƙungiyoyin da za a tallafa wa. A 2017 aka bayyana cewa attajiri George Soros ya zuba dala biliyan 18 a gidauniyarsa ta Open Society. Kamfanin Arabella Advisors ya gudanar da jerin asusai da ke ƙyanƙyashe ƙananan ƙungiyoyi masu sunaye kamar na 'yan unguwa, alhali tushensu ɗaya ne a birnin Washington. Ɗaya daga cikinsu, Sixteen Thirty Fund, ya kashe kimanin dala miliyan 410 a shekarar zaɓe ta 2020, kuma cikin masu ba shi kuɗi har da asusun wani attajiri ɗan ƙasar Suwizalan, Hansjörg Wyss. Duk wanda ya la'anci kuɗin iyalan Koch, attajiran da ke tallafa wa masu ra'ayin riƙau, ya yi shiru a kan wannan, ko ya la'anci Soros ya kau da kai daga Seid, to ba tsarin ne ya dame shi ba, hannun da ke riƙe da jakar ne bai yi masa ba.

Hujja ta farko da masu kare tsarin ke kawowa ita ce, ai mutum na da ikon yin abin da ya ga dama da dukiyarsa, kuma tallafa wa ra'ayi wani ɓangare ne na 'yancin faɗar albarkacin baki. Gaskiya ne, ban kuma ce a hana kowa bayarwa ba. Amma rangwamen haraji tallafi ne daga aljihun kowa. Duk dalar da aka yafe wa attajiri, ko dai direban babbar mota da ma'aikaciyar jinya su cike giɓinta, ko a rage wani aikin gwamnati. Ke nan talaka na taya biyan kuɗin yaɗa ra'ayin da wataƙila ya saɓa wa maslaharsa, ba tare da ya san sunan wanda yake taya ba. Ita kanta Kotun Ƙoli, a hukuncin Citizens United na 2010 da ya buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ƙofar kashe kuɗi a zaɓe, alƙalanta takwas cikin tara sun amince cewa tilasta bayyana masu biyan kuɗin tallan siyasa bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. A 1956 jihar Alabama ta nemi ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙar fata ta miƙa sunayen mambobinta, a zamanin da fitar sunan mutum kan jawo masa kora daga aiki ko ƙona gida. Kotun Ƙoli ta hana a 1958, kuma ta yi daidai. A kan wannan tushe ne kotun ta soke, a 2021, ƙa'idar jihar California da ke buƙatar ƙungiyoyi su miƙa wa hukuma sunayen manyan masu ba su kuɗi, a ƙarar da wata gidauniyar Koch ta shigar, har wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ɗaya ɓangaren suka mara mata baya. Ƙasashen waje ma sun nuna haɗarin: Rasha ta kafa dokar laƙaba wa ƙungiyoyi sunan 'yan koren ƙasashen waje a 2012, ta haramta Open Society a 2015, gwamnatin Hungari kuma ta matsa har gidauniyar ta tattara daga Budapest ta koma Berlin a 2018. Mu ma a Najeriya, inda gidauniyoyin Ford da MacArthur suka daɗe suna tallafa wa jami'o'i da kafafen binciken ƙwaƙwaf da ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci, mun ga yadda ƙudurin sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu ya tayar da ƙura a majalisa. Amsar ita ce a bambance mai rauni da mai ƙarfi. Malamin makarantar da ya ba da dala hamsin yana buƙatar sutura. Wanda ya ba da miliyan hamsin don a sauya alƙiblar kotu ya shiga fagen mulki, kuma mai mulki ba ya ɓoye fuska. Masu zaɓe a jihar Arizona sun nuna ana iya ja wannan layi: a 2022, da rinjayen da ya haura kashi 70 cikin ɗari, suka amince da dokar da ke tilasta bayyana ainihin tushen manyan kuɗaɗen kamfe, ta bar ƙananan masu bayarwa cikin rufin asiri.

Hujja ta uku ita ce gidauniyoyi sun yi alheri mai yawa, kuma tun da kowane ɓangare na da nasa attajiran, ƙarfin ya daidaita. Alherin ba a musanta shi. Asusun Garland ya tallafa wa shirin shari'a na NAACP a farkon shekarun 1930, shirin da ya kai ga hukuncin 1954 da ya haramta wariyar launin fata a makarantu. Amma masaniyar siyasa Megan Ming Francis ta nuna cewa wannan tallafi ya taimaka wajen karkatar da hankalin ƙungiyar daga yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙar fata zuwa batun ilimi, wanda shi masu kuɗin suka fi so. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Batun daidaito kuwa, daidaito ne tsakanin attajirai kawai. Abin da hamshaƙan ɓangarorin biyu suka yi saɓani a kai shi ake ta muhawara. Abin da suka haɗu a kai, kamar ƙofofin kauce wa haraji da su duka suke amfana da su, da wuya ya samu cibiyar nazari mai ƙarfi da za ta ɗaga shi. Ƙudurin DISCLOSE, mai neman bayyana manyan masu ba da kuɗin siyasa, ya faɗi a Majalisar Dattawa a 2010, ya sake faɗi a 2022, kuma waɗanda suka gabatar da shi ba su daina cin gajiyar kuɗin ɓoye ba a halin da suke neman a hana shi.

Gyaran da ake buƙata ba mai wuyar fahimta ba ne. A ƙayyade adadi mai tsoka wanda duk kyautar da ta haura shi, idan za ta shiga harkar zaɓe ko naɗin alƙalai ko neman sauya doka, sai an bayyana mutumin da ya fitar da ita daga aljihunsa, komai yawan hannayen da ta bi. A wajabta wa asusan da ke tsakiya raba kuɗinsu a kan lokaci da bayyana inda suka tura su, kamar yadda aka wajabta wa gidauniyoyi tun 1969. A rufe ƙofar da ta bar kamfani sukutum ya shiga hidimar siyasa ba tare da an biya harajin ribarsa ba. A kuma yi wa kowane ɓangare awo da mudu ɗaya. Ga mai karatu kuwa, duk lokacin da aka kawo maka rahoton wata cibiya ko kiran wata ƙungiya, a Washington ne ko a Abuja, ka saurari hujjarta da adalci, sannan ka tambayi wanda ya biya kuɗin aikin. Ƙungiyar da ke neman gwamnati ta buɗe littattafanta, wajibi ne ita ma ta buɗe nata.