Me ya sa allo ke yin baƙi bayan sabunta Linux a kwamfuta mai katin NVIDIA?

Mutum ya sabunta Linux da daddare, da safe ya kunna kwamfuta sai baƙin allo. In katin hoton na NVIDIA ne, galibi matsalar tana wajen guntun direban da ke aiki cikin kernel, wato nvidia.ko.

Kernel na Linux yakan canza tsarin cikinsa daga siga zuwa siga, don haka guntun da aka gina wa tsohuwa, sabuwa ba za ta karɓe shi ba. Direbobin AMD da Intel suna cikin kernel ɗin, tare ake gina su. Na NVIDIA daga waje yake zuwa.

Hanya biyu ake bi. DKMS, wanda kamfanin Dell ya ƙirƙiro a 2003, yana sake gina guntun a kan kwamfutar mai ita duk lokacin da sabon kernel ya shigo. Amma sai akwai headers da gcc, kuma in ginin ya lalace, saƙon kuskuren kan wuce ba a lura ba. Ga kuma Secure Boot: guntun da ba shi da sa hannu ba zai lodu ba sai an yi rajistar makulli ta MOK.

Ubuntu kuwa yana kawo guntun a shirye, da sa hannun Canonical, daidai da kowace sigar kernel ɗinsa. Ga wanda ba ya sauya kernel da kansa, wannan ya fi kwanciyar hankali.

A Mayun 2022 NVIDIA ta buɗe lambar guntun ga katunan Turing zuwa sama, sai dai har yanzu a waje yake, ba a shigar da shi cikin kernel ba.